Duwatsun Rijiyar Gidan Bawa

Ranar wata Laraba, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Kaltume tana tsakar gidansu a Unguwar Kanawa tana kwashe tuwo. Rana ta yi ja, kaji sun shige akurki. Mijinta Malam Abdurrahim, ma'aikaci a ofishin da ke haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, ya tsuguna zai yi alwalar magariba. 'Yarsu Sa'adatu ta cika masa buta a famfo. Da ya karkata butar, sai baƙar laka ta zubo masa a hannu.

Bai gama mamaki ba dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Kaltume ta ɗauki guda ta duba, ta yar da sauri. Dutsen a jiƙe yake, da gansakuka a jikinsa, ga shi wata huɗu rabon da a ga hadari.

Kwana shida ana haka. Da rana lafiya lau, amma da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai jifa ta fara, randuna su cika da laka, a riƙa jin kukan jariri can ƙasa, kamar daga cikin rami. A rana ta bakwai aka tarar da Sa'adatu zaune a gindin famfo, idanunta a kafe, tana tonon siminti da farce har yatsunta suna jini.

Abdurrahim ya tafi Kawo ya ɗauko Malam Zakari, dattijon da ya tsufa a kan karantarwa. Malam Zakari ya zauna kusa da yarinyar, ya daɗe yana karatu a hankali. Can sai ta ɗago kai, ta yi magana da muryar da ba tata ba, murya mai kauri, mai sanyi.

"Malam, daina ƙona ni. Ba da kai nake ba."

"Baiwar Allah, daga ina?"

"Daga tsohuwar rijiyar Gidan Bawa, bayan Katabu. Tambayi mai gidan nan, ya san ta."

Malam ya juya. Abdurrahim ya sunkuyar da kai.

"Shi ya zo da mota," in ji muryar. "Ya ce gwamnati ta ware wa ƙauyen sabuwar rijiya mai murfi, a cike tsohuwar don ƙazama ce. Ba sallama, ba sanarwa. Ina waje, ɗana yana ciki, suka juye duwatsu. Sabuwar kuma ba a haƙa ba. Ya sa hannu a takarda cewa an gama, simintin ya zo ya zama katangar nan. Mutanen da na zauna da su tun kakanninsu suka koma shan kududdufi, amai da gudawa ya bi su gida-gida."

Kaltume ta dubi mijinta. "Malam, da gaske ne?"

Ya juya fuskarsa wajen katangar.

"Ɗa ya ɗauke mini, 'ya zan ɗauka," in ji muryar.

"Yarinyar nan ba ta taɓa taka Gidan Bawa ba," in ji Malam Zakari. "Kin san Wanda zai tambaye ki jininta. Faɗi abin da za ki karɓa, ban da rai."

Sa'adatu tana numfashi da ƙyar, muryar ta ce:

"Ya kwashe duwatsun da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, in ga ɗana in binne shi. Ya haƙa musu tasu rijiyar. Yarinya na bar ta saboda kai. Shi kam ban yafe ba."

Sa'adatu ta yi atishawa sau uku, ta faɗi jikin uwarta tana kiran ruwa.

Abdurrahim ya ɗauki hutu. Kwana goma sha tara ya yi a cikin tsohuwar rijiyar yana cika guga da duwatsu, mutanen ƙauye suna ja ba mai ce masa sannu. Leburorin da ya ɗauko kuma suna haƙa sabuwa a gefe. Ranar da ya ɗaga dutsen ƙarshe, bai ga komai ba sai yashi. Amma ya ji mace ta fashe da kuka dab da kunnensa, sannan wani sanyi ya kama hannunsa na dama tun daga yatsu har kafaɗa. Da aka jawo shi sama, hannun ya shanye. Asibiti da rubutu duk an yi, bai ƙara motsi ba.

Ranar da sabuwar rijiya ta kawo ruwa, mai gari ya ce a ba baƙo ya fara sha. Wata tsohuwa mai suna Dije ce ta kawo ƙwaryar. Ya kasa riƙewa da hannu ɗaya, ruwan yana zuba masa a riga. Sai ta tallafe ƙwaryar ta kai masa baki.

"Sha, ɗan nan," ta ce. "Jikokina biyu da sunan ruwa suka mutu a bakinsu."