Sunayen da Aka Ɗora a Dandalin Manhaja

Da safiyar Talata aka tsinci gawar Malam Mati a gonarsa ta dawa, bayan garin Damari. Maharan ba su ɗauki babur ɗinsa ba, ba su kora shanunsa ba. Insfekta Badamasi ya iso daga Sabuwa wajen ƙarfe goma.

Indo, matar mamacin, ta miƙa masa wayarta.

"Kwana uku ke nan ana yawo da wannan hoton, Yallaɓai. Sunansa ne na huɗu."

Jerin sunayen manoma arba'in da ɗaya ne da lambobinsu, waɗanda ke sanar da jami'an tsaro a asirce ta wata manhajar waya idan sun ga giftawar 'yan bindiga. Saura arba'in, kuma kowannensu na cikin haɗari.

Insfekta ya wuce Ƙanƙara wurin Malama Khairiyya, shugabar masu rubuta manhajar.

"Gwamnati ta buɗe mana dandalin aiki a intanet ne don kada kowace ƙaramar hukuma ta sake gina abin da wata ta riga ta gina," in ji ta. "Rubutun manhaja a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya kawo gyara. Amma an hana sa sunan mutum. Da sunayen ƙarya muke gwaji."

"To ta ina na gaskiya suka fita?"

Ta buɗe tarihin aikin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta dafe kai.

"An ɗora su, an goge bayan awa biyu. Sai dai dandalin yana ajiye duk abin da aka taɓa sawa, ko an goge. Da sunan Ishaya, ma'aikacinmu na Sabuwa, aka shiga."

Washegari Insfekta ya zaunar da Ishaya a caji ofis.

"Wa ya san kalmar sirrinka?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

"To kai ka ɗora ke nan."

"Ranar ina asibitin Funtuwa, Blessing matata na naƙuda. Ga katin."

"Ishaya, ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ƙarya ce. Zaɓi."

Ishaya ya sunkuyar da kai. "Akwai mutum ɗaya. Babba ne, Yallaɓai. Shi ya koya mini kwamfuta. Ya manta tasa, ya ce in ara masa. Da wane baki zan ce a'a?"

Suna kuwa ya ƙi faɗa.

Insfekta ya sake karanta bayanin da aka rubuta lokacin ɗora jerin. A ƙarshensa an sa: 14 ga Sha'aban. Ya kira Khairiyya.

"Wa ke sa kwanan watan Musulunci a aikinsa?"

"Malam Hadi na Faskari. Shi kaɗai. Tun yana koyarwa a firamare haka yake yi."

Insfekta da Saja sun same shi a ofishinsa, dattijo mai furfura, littattafansa a jere tsaf.

"Ni ban taɓa shiga da sunan wani ba," in ji shi.

Insfekta ya ajiye masa takardu biyu gefe da gefe: bayanin da aka yi da sunan Ishaya, da wani nasa na bara. Malam Hadi ya cire tabarau.

"Saƙo ba ya isa ƙauyukan Damari," ya ce a hankali. "Wani mai taimaka mana daga wata jiha ya ce zai duba. Na ga lambobin ƙarya ba za su nuna matsalar ba, sai na sa na gaskiya. Da na farga na goge. Na ɗauka kamar allo ne, in an goge ya tafi."

"Ka gaya wa wani?"

"Ni da nake koya wa yara ƙa'ida? Kunya ta hana ni."

"Kwana tara, Malam. Da ka yi waya ɗaya, da an kwashe su."

"Na san Mati. Ni na sa masa manhajar da hannuna, na ce masa ba mai sanin sunansa."

Saja ya fito da ankwa, Insfekta ya girgiza masa kai. Malam Hadi ya miƙe da kansa. A bakin mota ya tsaya.

"Insfekta, don Allah bar ni in kira sauran."

"Mun kira su tun jiya, Baba."

"Duka?"

"Talatin da takwas sun ɗauka."