Tafasasshen Ruwa a Lambun Wardi

Da yamma liƙis na fito da ƙaramin gas ɗina bayan gida, na ɗora babbar tukunya, na cika ta da ruwa. 'Yata tana goye a bayana, watanta tara, tana barci tana zubo mini yawu a kafaɗa.

Ba mu daɗe da tarewa a gidan ba. A bayansa akwai lambun da aka yi shekaru ba a taka ba. Ciyawa har ƙugu, gwangwanaye da fasassun kwalabe ko'ina, ga wata tsohuwar bishiyar wardi a kusurwa da ta zama sarƙaƙƙiya, ba fure sai ƙaya. Ni kuwa tun ina yarinya nake son wardi, amma ko barkono ban taɓa shukawa ba. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Ranar da na ce masa zan yi lambun wardi, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Ke da albasa ma in ta kwana a hannunki sai ta ruɓe?" in ji shi.

Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki adda. Kwana tara ina sara, ina kwashe tarkace, tafin hannuna duk ya yi kanta. Na sayo dashe shida a leda wurin wani tsoho mai sayar da furanni a bakin titi. Shi ya koya mini zurfin ramin, da ruɓaɓɓen taki, da zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba. Sai na kai masa ƙarar kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da in ka cire yau jibi ta dawo.

Ya ce, "'Yata, da hannu ake binta, saiwa-saiwa. Haƙuri ne maganinta."

Ni kuwa ranar da aka raba haƙuri ba na nan. A waya na ga wata tana cewa tafasasshen ruwa yana kashe saiwar ciyawa nan take. Na san abin da kowa ya sani, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba, balle da almuru. Wallahi na sani. Hankalina ne yake kan ciyawa.

Ruwa ya tafasa rana tana faɗuwa. Na ɗebo da ƙaramin bokiti na bi layin ciyawa na farko na kwarara. Ƙasa ta yi cuu, tururi ya tashi da warin dafaffen ganye. Na koma na ɗebo na biyu, na nufi gindin tsohuwar bishiyar, inda kiri-kiri ta fi kauri. A nan na ga wani rami kamar na ɓera. Na juye masa bokitin gaba ɗaya.

Sai na ji kukan jariri.

Na kai hannu bayana. 'Yata barcinta take.

Daga ƙarƙashin ƙasa kukan yake fitowa, siriri, irin na yaron da numfashinsa ya sarƙe. Warin ya canja. Ƙaurin fata ne da gashi. Tsuntsayen da ke kan katanga suka yi tsit.

Babu iska, amma rassan wardin suka motsa.

Ɗaya ya naɗe mini idon sawu, ƙayoyinsa suka shige har ƙashi, ya fizge ni. Na faɗi a kan gwiwoyina don kada in danne goyon. Na lalubo adda na sara. Reshen ya yi tsalle, ruwansa mai ɗumi ya fesar mini a fuska. Wasu biyu suka zo. Ɗaya ya tsage mini kumatu, ɗaya ya murɗe wuyan hannuna har addar ta faɗi. Na buɗe baki zan yi addu'a, harshena ya yi nauyi kamar dutse.

Sannan wata mata ta miƙe daga cikin sarƙaƙƙiyar.

Doguwa ce, kanta ya wuce katanga. Ban iya kallon fuskarta ba. Abin da ke hannunta na kalla, ɗan ƙarami, yana tururi, fatarsa tana saɓulewa tana manne mata a yatsu.

"Barci yake yi," ta ce da raɗa.

"Ban sani ba. Don Allah, ban sani ba."

"Sauke taki 'yar."

Na ƙanƙame bakin zanen goyon da hannu ɗaya. Wani reshe ya bi ta ƙirjina ya yage zanen. Na ji bayana ya yi sanyi. 'Yata ta farka ta tsala ihu.

Da ƙafa ɗaya reshen ya ɗaga ta, kanta a ƙasa. Ya yi sama da ita a hankali, ya tsayar da ita a kan tukunyar. Gas yana ci. Sauran ruwan yana ɓararraka. Tururi yana dukan fuskarta, tana miƙo mini hannu.

"Fata da fata," matar ta ce.

Na ja jikina. Na ji naman ƙafata yana yagewa a ƙaya, ban tsaya ba. Da rarrafe na isa tukunyar.

"Ba ita ta zuba ba," na ce. "Ga wanda ya zuba."

Na tsoma hannuna na dama har gwiwa.

Ba zan iya gaya muku zafin ba. Na ji haƙorina ɗaya ya fashe a bakina.

"Kada ki cire," ta ce.

Ban cire ba.

Ta sunkuyo tana kallon ruwan. Ina jin numfashinta a ƙeyata, sanyi ƙalau. Idona ya fara rufewa. Can sai na ji tim, an saki 'yata a kan tarin ciyawar da na sare. Na zaro abin da ya rage na hannuna, na sure ta da hagu, na ruga titi ina jan ƙafa. Maƙwabta ne suka kai mu asibiti.

Wata biyu na yi a kwance. Yatsuna uku sun manne da juna, har yau ba na riƙe cokali da dama. 'Yata kuwa, ban da ɗan tabon ƙaya a ƙafa, babu abin da ya same ta. Maigidana ya kwashe kayanmu tun ina asibiti, ya kama mana ɗaki a hawa na uku, inda babu ko taƙi ɗaya na ƙasa. Bai taɓa tambayata abin da na gani ba, ni ma ban matsa masa da labari ba.

Shekara uku ke nan. Na ɗauka an gama.

Jiya da yamma ina zaune 'yata tana shafa mini mai a hannun, kamar yadda ta saba, tana hura masa iska. Sai ta ɗago ta kalli bayana, wajen taga, ta gyaɗa kai.

"Mama," ta ce, "doguwar matar nan ta ce in gaya miki, naki ya warke, na ɗanta bai warke ba tukuna."