Nauyin Wa Ke Kanka?

Ni tarwaɗa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Shekara arba'in ina banda ta, in na ɗaga ta a hannu na san abin da ta ci da abin da ba ta ci ba. Mutum ne mai ƙarya. To ku gyara zama in ba ku labarin surukina, wanda ake ce wa Gashin-baki. Ba zan ce Allah ya jiƙansa ba. Ba kuma zan hana ku faɗa ba.

Kwami uku gare shi na siminti a bayan gida, yana kiwon tarwaɗa, a filin da mijina ya mutu ya bar mini. Ni na ce ya zauna, tunda 'yata yake aure. Mutum huɗu yake ciyarwa: tsohuwarsa, da ƙanensa, da 'yata, da jikata da aka sa wa sunana, nake ce mata Takwara. Kowa da aikinsa. 'Yata ke ware manya da ƙanana, don tarwaɗa in ka bar babba da ƙarama wuri ɗaya, da safe babbar ce kaɗai za ta gaishe ka. Ƙanen ke canja ruwa. Tsohuwa ke korar tsuntsaye da zagi.

Ciwon mai kiwon kifi ranar sayarwa ne. Kifi in ya kai wata biyar girmansa ya ja baya, amma bakinsa bai ja ba. Kullum sai an buɗe masa buhun abinci. Dillali ya san haka sarai. Sai ya zo da sikelinsa a hammata, ya leƙa kwami, ya taɓe baki.

"Nawa kilo?"

Gashin-baki ya faɗi kuɗi.

"Waɗannan? Daga kai sai gashin baki, kamar mai su. Na taya rabi da ɗan ɗoriya."

"Albarka."

"To ka ci gaba da ciyar da su. Jibi in na dawo, abin da na taya yau ma ba za ka gan shi ba."

Jibin kuwa ya sallama, da jan ido. Motar dillali na tashi ya ce, "Wallahi sai mutumin nan ya durƙusa a gabana." Har nan ban ga laifinsa ba. Ni ma na so in ga gwiwar dillali a ƙasa.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Ƙanen ne ya kai shi a babur, shi ya ba ni labari daga baya.

Da rana tsaka suka je wurin wani boka, ɗakinsa a bayan tsohuwar mayanka. Waje zafi kamar ya fasa kai, ciki sanyi har ƙashi. Ƙasar ɗakin a jiƙe take, alhali wata huɗu ba a ga ruwan sama ba. A kusurwa akwai baƙar randa, a cikinta wata farar tarwaɗa mai tsawon hannu, ba ta da ido ko ɗaya. Sama da randar, an rataye tsohon sikeli mai faranti biyu. A faranti ɗaya akwai dutsen niƙa, amma shi ne a sama. Ɗayan babu komai a ciki, yana taɓa ƙasa.

Bokan ɗan siriri ne da farar riga tsaf, ka ce mai shagon magani.

"Me kake so?"

"Nauyi. Kifina ya yi nauyi."

"Nauyi ba ya faɗowa daga sama, ɗan'uwa. Ɗaukowa ake daga wani wuri a kai wani wuri. Kai akwai nauyi a kanka?"

Surukina ya yi ajiyar zuciya. "Kamar ya kashe ni. Nauyin mutum huɗu."

"In ana sauke maka shi kaɗan-kaɗan, ana ɗorawa a sikelinka, ka yarda?"

"Wa zai ƙi a rage masa nauyi? Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar kuɗi. Ciniki dai muke yi. Na taya. Ka sallama?"

Ƙanen ya ja masa riga. "Yaya, mu tafi. Ban ji daɗin maganar nan ba."

"Rufe mini baki, kai ma kana cikin nauyin." Ya juya. "Na sallama."

Boka ya tsoma hannu a randa. Kifin nan marar ido ya zo ya ɗora kai a tafinsa kamar kyanwa. Ya sa reza ya yanke masa gashin baki ɗaya, baƙin jini ya ɗiga. Ya karɓi sikelin surukina, irin na rataye mai ƙugiya da allura, ya naɗe gashin sau bakwai a ƙugiyar, ya tofa.

"Sharaɗi ɗaya ne. Abin da ka ce ka sallama, sai ka auna shi har ƙarshe a ranar, ba tsayawa. Ita ƙugiya ta san masu cin abincinka, ba sai ka nuna mata ba."

Kada wani ya ce mini bai gane ba. Ko akuya ta ji wannan ta gane.

Sai arziki ya zo a guje. A kwami kifin yana nan kamar da, ramamme. Amma da an zuba shi a baho an rataya a ƙugiya, sai ka ga ya kumbura, fata na sheƙi. Bahon da ke ba da kilo ashirin ya koma talatin da biyar. Dillali ya ce ƙarya ne, ya sake aunawa da nasa sikelin. Daidai. Irin wannan manyan su masu otal ke nema, kuɗin kilonsu ma daban ne. Yanzu Gashin-baki ke faɗin farashi, dillali na cewa, "Haba maigida, a duba mu." Ranar da ya durƙusa yana roƙon a bar masa baho biyar, ina wurin. Na yi dariya har da hawaye. Allah ya yafe mini wannan dariyar.

Kwami uku suka zama tara. Aka sa ƙofar ƙarfe. Aka sayi mota.

Tsohuwarsa ce ta fara. Duk ranar da aka yi awo sai ta kwanta, in ta tashi zane ya yi mata yawa. Aka ce tsufa ne. Wata biyar aka kai ta makwancinta.

Sai ƙanen. Rana ɗaya aka ajiye masa kwano, ya dubi abincin, ya ƙwalla ihu, ya fita ko takalmi babu. Ya koma tasha, ya ɗaure duwatsu a ƙugu da igiya, wai kada iska ta ɗauke shi. Yara na jifansa. Amma na lura da abu ɗaya: mahaukacin nan da ke tsintar abinci a juji bai ƙara ramewa ba.

Sai 'yata. Mace ce da sai ta karkace take shiga ƙofa, irina ce. Awarwaro ya fara zamowa daga hannunta. Asibiti suka yi ta gwaji, suka ce ba su ga komai ba. Ni kuwa ina sayen kifin gidan ina banda. Wata rana kitse ya ɗiga a garwashi, sai na ji ƙamshin man da take shafa wa gashinta. Na ce hancina ne ya tsufa. Na juya kifin, na sayar. Wannan ne ba zan yafe wa kaina ba.

Da ta cika, ni na yi mata wanka. Da hannu ɗaya na ɗaga ta.

Kwana uku da haka mahaukacin ya zo rumfata, duwatsu na ƙara a ƙugunsa. Na miƙa masa kifi. Ya ja baya.

"Inna, na wa ne?"

"Ba na yayanka ba ne."

"Kuɗin wa?"

"Nawa."

Ya ci. Sannan ya zauna a ƙasa ya ba ni labarin nan tas, babu hauka a ciki ko ɗaya. Da ya gama ya ce, "Saura Takwara." Ya tashi yana waƙa.

Ranar sadakar bakwai ta 'yata gida cike da masu gaisuwa, Gashin-baki ya zo ya tsuguna a gabana yana share ido.

"Inna, ki dawo gidan nan. Daga yau na ɗauki nauyinki."

Mutane suka hau sa masa albarka. Wata ta ce irin wannan suruki ba a samunsa a kasuwa. Ni kuwa na ga inda idonsa yake. Damtsena yake kallo, irin kallon da mahauci ke yi wa saniya.

Na sunkuyar da kai na ce, "To, ɗan nan. Allah ya biya ka daidai da niyyarka."

Ya ce amin. Da bakinsa.

Na tare da kayana. Kwanon da aka kawo mana daga tukunyarsa, in karɓa da godiya, in ya fita in juye wa kifi. Ni da Takwara daga kuɗin bandata muke ci, a bayan ƙofa. Ruwan sha ma daga mai ruwa nake saye. Kayan da ya ɗinka mata na ƙulle su a ƙarƙashin gado, na ɗinka mata irinsu sak. In ya ba ta na kashewa, in mayar masa a aljihun rigar da ya rataye. Ɗaki kuwa ba sai na damu ba, filin nawa ne. In ana maganar wuri, shi ne ma yake zaune a kaina.

"Kaka, me ya sa ba ma cin abincin Baba?"

"Gishirinsa ya yi yawa, Takwara. Ci naki ki yi ƙiba, ki fi ni."

Na koma sa manyan riguna, ina tafiya da sanda, ina tari in na ji motsinsa. Ya yi wa matan layi ɗan awo, baho biyu, uku. Da safe na ga wuyan rigarsa ya saki. Ya ce rashin matarsa ne ke cinsa. Na ce, "Ai dole."

Wata biyu, kwami tara suka isa kama. Na je na sami dillali.

"Kai da kake roƙon baho biyar, me zai hana ka kwashe duka rana ɗaya? Haɗa 'yan sari, ka ɗauko babbar mota. Ka ƙara masa a kan kilo, zai saki."

"Iya, me zan ba ki?"

"Gyara kawai. Kifi ɗaya."

Suka zo da hantsi. Aka ajiye mini tabarma a gindin bango, na kwanta ina nishi, Takwara na yi mini fifita. Dillali ya taya kuɗin da ba a taɓa ji ba. Gashin-baki ya dube ni, daga kai har ƙafa, yana ƙiyasi. Sannan ya dubi 'yarsa. Na ga ya dube ta. Ya ce, "Na sallama. Duka tara."

Aka zare ruwa, aka ja koma, ragar kamun kifi. Kwami na farko ya hau ƙugiya yana sheƙi. A na biyu zobensa ya faɗo a baho. A na uku ya ƙara ɗaure tazuge. A na huɗu hula ta sauko ta rufe masa ido, 'yan sari na dariya.

"Maigida, ko ba ka karya ba ne?"

A na biyar ya dafa bakin kwami. Ya waiwayo. Ni kuwa na riga na tashi zaune, na naɗe hannun riga har kafaɗa, damtsena a waje, ina cin gyaɗa ina ba Takwara.

"Inna..."

"Na'am, ɗan nan. Nauyin wa ke kanka yau?"

Ya dubi sikelin, ya dube ni.

"Tsohuwarka tana ƙasa. 'Yata tana ƙasa. Ƙanenka juji ke ciyar da shi. Ni da yarinyar nan wata biyu ko ƙwayar gishirinka ba mu lasa ba. Duba da kyau. Wa ya rage mai cin abincinka?"

Ya ce wa dillali a tsaya, a bar sauran sai gobe. Dillali ya ce bai san wannan ba, ciniki ya faɗa, mota ba ta komawa rabi. Ko da dillali ya yarda ma, hannun ba zai yarda ba. Ina kallo, hannunsa ya kai baho ya rataya, shi kuwa yana kuka yana cewa a riƙe shi. Mutum biyu suka kama shi, suka saki, suka ce kamar sun kama kara. Na ce da Takwara ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ni ban shiga ba. Na tsaya har kwami na tara. Allurar sikeli ta juya ta ƙarshe, ya sulale a gefen siminti, riga a kansa kamar an jefar da ita. Idon ne kawai ke motsi, da gashin bakin.

Dillali ya miƙo mini kifi. "Iya, gyaranki."

Na ɗaga shi. Ya yi nauyi ƙwarai. Na haƙa rami na binne shi. Da na san inda sauran suka nufa, na 'yata, da na bi su ɗaya-ɗaya na binne.

Bai kai la'asar ba. Mutum huɗu suka ɗauki makara, na gaba ya tsaya ya ce a duba, anya an sa shi a ciki?

Sikelin na jefa shi a wutar banda, ya yi kwana biyu yana wari. Kwamin nan tara suna nan a bushe, ƙadangaru ke haya. Ƙanen har yau da duwatsunsa, ni nake ba shi abinci. Takwara ta yi ƙiba, sai ta karkace take shiga ƙofa.

Na san za a tambaye ni ranar da ake tambaya, don da na so da na buɗe baki tun da safe. Ina da amsata, na shirya ta.

Ku kuwa masu kiwo, ku ji. In dillali ya karya muku farashi, ku zage shi, ku haɗa kai, ku banda kifinku ku jira kasuwa. Amma duk wanda ya ce zai ƙara muku nauyi a sikeli ba da buhun abinci ba, ku tambaye shi daga jikin wa. Ranar da kuka ji masu cin abincinku sun zama muku kaya har kuna neman mai saukewa, ku ƙirga su da kyau. Bakin ƙarshe a gidan, naku ne.