Atamfa Mai Yatsa Shida

Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya, amma Gumsu ba ta gusa daga bakin ƙofar ba. Gidan nan na Fagge ta shiga tana amarya da lalle a ƙafa, a cikinsa ta haihu, daga cikinsa aka fitar da gawar mijinta Modu, yau kuma ga ta a waje hijabi ya manne mata a jiki, tana ƙanƙame da ƙullin alewar madara da ta sayo wa 'yarta. Ta yi sallama har muryarta ta dishe kafin ƙofar ta buɗe. Wan mijinta ne, Alhaji Abdulƙahhar, ya tsaya ya cika ƙofar da babbar rigarsa.

"Ban ce kar na sake ganin ƙafarki a layin nan ba?"

"Yaya, don girman Allah... ganinta kawai zan yi. Ko daga nesa ne. Na ji an ce zazzaɓi take yi."

"Ciwon nata ya wuce wanda kika saka mana? Kin cinye dukiyar marainiya, yanzu kin dawo da alewa!"

Sai ga wata ƙaramar fuska ta leƙo ta ƙasan hannun rigarsa. Mahbuba ce, ta rame, idanuwa sun zurma. Gumsu ta zube a kan gwiwoyinta cikin caɓi ta miƙa hannu biyu, amma yarinyar ba ta taho ba. Ta dube ta ta ce, cikin 'yar siririyar murya, "Umma, wai da gaske ke kika sace kuɗin Abba?"

Wayyo Allah! Da wuƙa aka soka mata da ya fi sauƙi. Kafin ta haɗa kalma ɗaya an ja yarinyar ciki, an banko ƙofa. Ƙullin alewar ya faɗi a kwata, ruwa ya tafi da shi.

Shi dai Modu ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, irin masu ƙaramin shago da babban buri. Ya gaji da sarin atamfa a hannun manyan diloli, yana so ya buga tasa a ƙasar Sin kamar yadda manyan suke yi. Ya sayar da filin da ya gada, ya haɗa da jarinsa kaf ya ba wani kamfani a can aikin kwantena guda. Da aka ce ya turo zanen da za a buga, bai je wurin kowa ba sai wurin matarsa, domin Gumsu ta gaji zanen lalle irin na Barebari a hannun mahaifiyarta. Ita kuma cikin wasa ta kama hannun hagu na Mahbuba ta ɗora a kan takarda, ta zagaye shi da biro, ta cika cikinsa da furannin lalle. To, Mahbuba da cindo aka haife ta, ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin, uban kuwa ya hana a cire. Da ya ga zanen ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Haka za a buga shi, da cindon da komai. Hannun 'yata zai zaga duniya."

Bai ga ko ƙyallensa ba. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi kafin a gama aikin. Yana kwance ya tattaro cikon kuɗin ya damƙa wa Gumsu, ya ce ta ba Yaya ya kai wa masu canji a Wapa su tura. A zaure ta miƙa masa, daga ita sai shi sai Allah. Wace mace ce za ta nemi shaida a kan wan mijinta? Ranar da aka kai Modu makwancinsa, Abdulƙahhar ya ɗauke wayar mamacin da takardunsa, ya ce zai adana. Gumsu ta shiga takaba, ba fita ba shiga.

Tana cikin ɗaki tana jan carbi duniya ta yamutse a waje. Yaƙi ya taɓa hanyar Bahar Maliya, jiragen ruwan da ke tasowa daga Asiya suka koma zagaye Afirka, kaya suka yi ta jinkiri, kuɗin dako ya hau. Naira kuma ta kama gangara, dala tana tashi safe da yamma. 'Yan kasuwa da dama suka karye a wannan shekarar. Amma wanda ya riga ya biya kayansa a tsohon farashi, kakarsa ta yanke saƙa, domin kayan suna bisa ruwa darajarsu tana ninkawa. Abdulƙahhar ya san wannan sarai, kuma zuciya ba ta da ƙashi.

Ranar da ta fita takaba ya tara dangi a gaban mahaifiyarsu Hajja. Ya share hawayen da babu su, ya ce kamfanin ya aiko cewa ciko bai iso ba, don haka sun soke aikin sun riƙe kafin alƙalami, ba a buga ko yadi ɗaya ba.

"Yaya! Ba a zaure na ba ka ba?"

"Ni? Wallahi ko sisi ban gani ba. Hajja, ki tambaye ta inda ta kai."

Gumsu ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ya ce ai ɓarawo ma yana rantsuwa. Hajja kuwa ɗa ɗaya ya rage mata a duniya, ta rufe ido ta bi bayansa. Ta nuna Gumsu da sandarta. "Kin kashe min Modu sau biyu. Fita! Jikata kuma ba za ta tashi a hannun maciyar amana ba."

Ina za ta? Iyayenta sun daɗe da rasuwa, danginta na Borno rikici ya watsa su. Ƙara kuwa da wane ƙarfi, da wace shaida? Wadda ta ɗauke ta daga bakin titi ita ce Monica, wata mai sayar da abinci a Sabon Gari, haifaffiyar Kano, wadda Modu ya taɓa tallafa wa lokacin da gobara ta cinye rumfarta. Ta ba ta ɗakin ajiya ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Maman Mahbuba, mijinki ya rufa min asiri. Ki yi sallarki a nan, babu mai taɓa ki."

Sai dai wannan ma ya zama wata wuƙar. Labari ya koma Fagge cewa matar Modu ta tare a Sabon Gari, kuma kowa ya san abin da magulmata suke nufi idan suka faɗi haka suna taɓe baki. Gidajen biki da ke rububinta ta yi wa amare lalle suka daina kira. Ƙawarta ta ƙud da ƙud ta hango ta a shataletalen Bata ta tsallaka titi. Hannun da ke zana furanni ya koma wanke tukwane har ya tsattsage. Ta kwanta ciwo, ta tashi, ta sake kwanciya. Ba yunwa ce ke cin ta ba, tambayar nan ce ta 'yarta. Kullum ta idar da salla sai ta kifa goshi tana kuka. "Ya Allah, ban roƙe Ka dukiya ba. Ka wanke ni a idon yarinyar nan kawai... ko da ranar zan mutu!"

Damina ta wuce, wata ta zagayo. Wata Lahadi da safe Gumsu tana tsugune a tsakar gida tana kankare tukunya, sai Monica ta fito daga ɗaki tana taku ɗai-ɗai. Ƙungiyar matan garinsu na asali, can Kudu, ce ke bikin shekara, kuma tun safe tela ya aiko da ɗinkin anko.

"Maman Mahbuba, ɗago ki ga ado! Daga Onitsha muka yi oda, sabon yayi ne. Amma mutanen Sin ɗin nan ba su iya ƙirga ba, dubi hannun, yatsa shida suka yi masa!"

Gumsu ta ɗago. Tukunyar ta suɓuce daga hannunta. Ta miƙe tana layi kamar mai maye, ta kama gefen zanen ta ƙura masa ido. Furen mahaifiyarta ne. Layin bironta ne, har da inda ya ɗan karkace lokacin da yarinyar ta motsa. Ta saki zanen ta fita ƙofar gida ba takalmi, sai ta ga titin ya cika da mata, manya da yara, suna tafe suna waƙa, kowacce sanye da hannun Mahbuba a kafaɗa, a ƙirji, a ɗaurin kai...

"An buga! Wayyo Modu, an buga! La'ilaha illallahu!" Ta yanke jiki ta faɗi.

Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo ta ba da labari, mijin Monica, Celestine, ya ɗauki waya ya kira dilan da ya sayar musu, wani Chukwuma. Shi kuwa bai ɓoye komai ba. Ya ce wani Alhaji daga Kano ne ya sayar masa da kwantenar sukutum a bakin tashar jiragen ruwa ta Legas, da sharaɗin kada a sayar wa diloli daga Arewa. Ya ce shi bai karya sharaɗi ba, ai matan garinsu ya sayar wa. Da ya ji dukiyar marainiya ce, ya ce zai zo da ƙafarsa.

Ka ji inda wayo ya ci mai shi. A Fagge aka haifi Abdulƙahhar, titi ɗaya ne tsakaninsa da Sabon Gari, amma tsawon rayuwarsa bai taɓa damuwa ya san daga ina maƙwabtansa suke sayo ankonsu ba. Ashe ya biya cikon, kaya suka iso ya karɓe, ya tura su Kudu don ya binne su, suka dawo masa ƙofar gida a jikin mata.

Ranar da Chukwuma ya iso, Celestine ya gayyato dattawan layin Modu na Kwari. Monica da ƙawayenta suka sake saka ankon, suka sa Gumsu a tsakiya, aka nufi Fagge da rana tsaka. Unguwa ta fito kallo. Abdulƙahhar na ganin atamfar fuskarsa ta canja, amma ya dake.

"Zanen hannu kuma a kanku aka fara? Kasuwa cike take da irinsa! Wannan mutumin ma ban taɓa ganinsa ba."

Chukwuma ya girgiza kai. "Alhaji, tare muka ci abinci a Legas."

Sai aka ji ƙarar sanda. Hajja ce ta fito tana dogarawa, Mahbuba na riƙe da gefen zanenta. Tsohuwar ta daɗe tana kallon atamfar. Ta sa aka shimfiɗa ɗankwalin Monica a kan tabarma, ta kama hannun hagu na jikarta, ta ɗora shi a kan zanen. Yatsa ya hau yatsa, cindo ya hau cindo. Hannun yarinyar ya ɗan zarce zanen kaɗan, gwargwadon girman da ta yi a bayan idon uwarta.

Sandar Hajja ta faɗi.

"Abdulƙahhar... ɗan'uwanka ko sanyi bai yi a kabari ba? Da bakina ka sa na tsine wa baiwar Allah? Ka je, na bar ka da Allah, na bar ka da Modu!"

Dattawan Kwari suka juya masa baya a wurin, kuma ɗan kasuwar da aka juya wa baya a Kwari ya gama yawo. Kotu ta sa aka sayar da gidansa da motarsa aka mayar wa marainiya haƙƙinta, domin kuɗin atamfar ya riga ya zuba su a dala tana ƙololuwa, ta faɗo da shi. Ya ƙare a gidan yari, babu mai kai masa ko ruwa. Hajja kuwa baƙin ciki ya kwantar da ita, kuma Gumsun da ta kora ce ta yi jinyarta har ta cika, tana neman gafara ana ce mata an yafe.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, Gumsu ba ta dubi Abdulƙahhar ba, ba ta tambayi ko kwabo ba. Ta durƙusa a gaban 'yarta, hawaye na zuba, ta ce, "Mahbuba, kin taɓa yi min tambaya ban samu na ba ki amsa ba."

Yarinyar ta dubi zanen, ta dubi hannunta, ta dubi tsagaggun hannuwan uwarta. Sai ta fashe da kuka ta faɗa jikinta.

"Umma, ba ki sata ba! Ba ki sata ba! Ki tafi da ni..."

Gumsu ta kama ɗan hannun nan mai yatsa shida ta manna a fuskarta. Ta ce, "Alhamdulillahi. Ya Allah, abin da na roƙa ke nan."