Wata Shida a Shagon Tabarau

Ranar Litinin ta farko bayan an kafa sabon injin yanka gilashi a shagon tabarau, aka turo Malama ta horar da ma'aikata na mako uku. A bencin ƙarshe ta tarar da saurayin da ake kira Baƙo, domin aiki huɗu ya bari cikin shekara uku, takardar barin na biyar kuma tana aljihunsa.

Ta nuna masa yadda ake auna tazarar idanu, da yadda ɗan kuskure a awon kan bar mutum da ciwon kai. Ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin abin da hannunsa ke yi. A mako na uku ya yaga takardar, ya furta mata abin da ke ransa.

Mahaifinta ya ƙi, ya ce ba zai ba da 'ya ga wanda wuri ba ya riƙe shi ba. Ita ma ta tambaye shi, aikin yake so ko mai koyarwar? Baƙo ya ce shi kansa bai sani ba. Aka yanke cewa ya yi wata shida a shagon ba tare da ta leƙo ba.

Saƙonninsa suka riƙa zuwa, duk zancen gilashi. Na ƙarshe ya ce: "Malamata, yau wata tsohuwa ta sa tabaran da na yanka, ta zura zare a allura da kanta. Har yanzu hannuna rawa yake."

Ta rubuta: "Baƙona, ni fa?"

Ya amsa: "Ai ke na fara gaya wa."

Ta rasa inda za ta ajiye wannan amsa. Ta kai wa mahaifinta wayar da hawaye, ta ce ta gane, aikin ya zaɓa.

Dattijon ya karanta sau biyu, ya ƙirga kwanaki da yatsu.

"Wata shida da kwana tara," ya ce. "'Yata, wanda allurar tsohuwa ta sa hannunsa rawa ya sami wurin zama. Ki ce ya turo iyayensa."

Ranar aure ta sake yi masa tambayar. Ya ce wallahi har yau bai iya raba su ba. Ta yi dariya, ta ce ta haƙura, injin ya zama kishiyarta. Allah ya zaunar da su lafiya, ya albarkaci gidan.