Maganin Mutum Biyu

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, gidan Tina Moevao ya cika da ƙamshin gwaza da kifin da aka gasa kan duwatsu masu zafi. Manya sun tanƙwashe ƙafa a tabarma suna ci, ita kuwa Sinalei, matar ɗan Tina Moevao, tana durƙushe gabansu da mafici tana korar ƙuda, don matar ɗa ba ta kai loma sai manya sun wanke hannu. Sai matse cinyoyi take yi, tana roƙon Allah a ranta iska ta canza hanya. To ina, gida ne na ginshiƙai babu bango, iskar teku ta ko'ina take shigowa.

Apaula, yayar mijinta, ta ɗaga hanci ta shinshina.

"Tina, kifin nan kwana ya yi ne? Ko dai ba kifin ba ne?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Sinalei ta saci kallon mijinta Uelese, shi kuwa ya dulmiya kai cikin kwano kamar bai ji ba. Shirun nan nasa ya fi maganar Apaula ƙona mata rai. Wai Uelese ne wannan, wanda a da yake hawa jirgin ruwa ya tsallaka har tsibirin su Sinalei, Savai'i, don kawai ya ji muryarta a ƙungiyar waƙar coci.

Ciwon dai ba ɓoyayye ba ne, irin wannan gida ai ba a ɓuya. Farin ruwa ne mai ƙarni yake zubo mata. Ta je asibiti an ba ta ƙwayoyi, ya ɗauke, ta yi murna, kafin wata ya zagayo ya dawo. Ta koma, ya ɗauke, ya sake dawowa. Tina Moevao ta yanke hukuncinta tun tuni: ko dai yarinyar ƙazama ce, ko kuma ta kwaso wani abu a watannin da Uelese ya yi a Ostireliya yana tsinkar lemu a gonakin Turawa. Kullum sai ta dafa ganye a tukunya ta ce ta wanke har ciki, safe da yamma. Sinalei kuma don tsoro har sabulu mai ƙamshi take ƙarawa. Abin sai gaba yake yi.

Ran nan tsohuwar ta kira ta, ta ce Lahadi mai zuwa bayan an ci abinci za a sa ta a jirgi ta je gidansu ta "huta". Kowa ya san irin wannan hutun ba a dawowa daga shi.

Washegari ta hau bas zuwa asibiti, ko zama ba ta yi ba ta fashe wa nas ɗin da ta tarar da kuka. Matar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta tambaye ta ko akwai lokacin da ta daɗe ba ta ga ciwon ba. Sinalei ta yi tunani, sai ta tuna. Duk watannin da Uelese ba ya nan, lafiyarta ƙalau.

"Ke nan shi ne ya ci amanata?"

Nas ta girgiza kai ta ce kada ta soma, wannan ciwon ba shaidar cin amanar kowa ba ne. Ta yi mata bayani cewa gaban mace akwai wasu ƙananan halittu masu kyau da suke gadinsa, wanke ciki da ganye ko sabulu share su yake yi, sai marasa kyau su samu fili. Su kuma marasa kyan suna iya zama a fatar gaban miji, shi ba ƙaiƙayi ba ciwo, matar ta warke ya sake mayar mata bai sani ba. Ta ba ta magani kashi biyu, nata da nasa, har da na shafawa na namiji, ta ce su sha tare na mako guda, su haƙura da juna sai sun gama, tukunyar ganye kuma a kife ta.

A gonar gwaza ta sami Uelese, don nan ne kaɗai babu kunnuwa, ta zayyana masa abin da nas ta ce. Tana kai ƙarshe ya soka adda a ƙasa.

"Ciwon mata za ki ɗora mini, Lei? Ni me yake damuna? So kike samarin gari su ɗaura mini zani mai fure?"

Ta ce ita ba ta zarge shi da komai ba, duk da ita kullum cikin zargi take yana ji yana gani. Ta ajiye masa ledar maganin kan kututture, hawaye na zuba.

"Da ba ka nan, tabarmata kusa da ta Tina take. Ka tambaye ta ko ta taɓa jin wani abu. Shi ke nan roƙona."

Ya zare addarsa ya ci gaba da aiki. Haka makon ya ƙare, ba ya kallonta, ita kuma ta rame tana ninke kayanta cikin jaka. Nata maganin ma ba ta taɓa ba, tunda an ce na mutum biyu ne.

Lahadi ta zo. Jaka na jingine da ginshiƙi, mafici na hannunta. An ci an sha, Tina Moevao ta gyara murya za ta sallami Sinalei, sai Uelese ya riga ta.

"Tina, don girman Allah, watannin da nake Ostireliya kin taɓa jin wani ƙarni a jikinta?"

Tsohuwar ta dubi tabarma. Ita fa ba ta ƙarya, balle ranar Lahadi. Can ta ce a'a, sai bayan ya dawo.

Uelese ya zaro leda daga ƙugunsa, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya haɗiye da ruwan kwakwa a gaban kowa, ya miƙa wa matarsa tata. Ya maimaita musu abin da nas ta ce, cike da kunya, amma bai tsallake komai ba, har maganar tukunya.

Apaula ta taɓe baki. "To Allah ya ba ka lafiya, ƙanwata."

"Amin, yaya," ya ce, ya karɓi maficin daga hannun Sinalei. "Zauna ki ci, yau ni zan kori ƙudan."

Ta zauna ta jawo kwano tana kuka.

Watanni sun shuɗe ciwon bai leƙo ba, kuma sun yi alkawari in ma ya dawo, tare za su hau bas. Tina Moevao ba ta taɓa cewa a yafe mata ba, ba halinta ba ne. Sai dai tukunyar ganyen ta koma ta abincin kaji, kuma duk Lahadi ita da kanta take ware kan kifi ta ce na Lei ne, kada wanda ya taɓa.

'Yan uwana mata, ciwon da yake tafiya yana dawowa ba ƙazanta ba ne, a daina dirzar ciki, a je asibiti. Ku kuma maza, in matarka tana kuka da ciwo, kada ka bari danginka su yi mata shari'a kana shiru. Wataƙila rabin maganin a hannunka yake.