Zafin Kafaɗun Abdulmumin

Maƙwabta a unguwar Birni sun ce da dare sun ji wani gurnani daga zauren Abdulmumin baduku, kamar ana danna salka. Da safe aka same shi ya rasu.

Ansifekta Kyari ya iso a gajiye, bai karya ba. Ya tarar dangi sun tsare matar mamacin, Ummul Khairi. Wai guba take ba shi, tunda yana cin tuwon mutum uku yana ramewa.

Kyari ya yaye rigar gawar. Cikin na ƙyalli da man kaɗe, ga shatar yatsu a kwiɓi.

"Ke kika shafa masa?"

"Ni? Ranka ya daɗe, lokotoron asibiti ya hana a taɓa cikinsa."

Kyari ya kira lokotoron, ya yi masa bayani a waya. Ƙari ne a saman ƙoda, yana zuba wani sinadari cikin jini. Sinadarin kan tayar da wani kitse mai ruwan ƙasa a wuya da kafaɗu, ya riƙa ci kamar garwashi. Shi ne ramar, shi ne zafin da jikinsa ke yi. In aka matsa ƙarin, jini ya hau, zuciya ta tsaya. An shirya yi masa aiki a asibitin Yamai.

Abin mamaki, a ce mutum da murhu a jikinsa.

Dodo maƙwabci ya ce, "In sanyi ya shigo, mu tsofaffi kusa da shi muke zama. Har kyanwa a wuyansa take barci. Mai Nasara wanzami ya fi kowa jingina."

Aka kira wanzamin.

"Rabona da zauren nan tun Juma'a," in ji shi.

"Miƙo hannunka, baba."

Kyari ya gwada yatsun da shatar. Babu ɗan yatsan tsakiya a hannun, babu shi a kwiɓin.

Mai Nasara ya zauna a ƙasa. "Tsoron wuƙar Yamai yake. Na ce zan narkar da abin da tausa. Na danna, ya jiƙe da gumi, ya yi shiru."

"Ka bari a ɗora wa matarsa?"

"Na ji tsoro, ɗana."

Kyari ya ce a saki Ummul Khairi. Bai sa wa tsohon ankwa ba, ya riƙe masa zabira har mota.

Dodo ya dafa inda mamacin ke zama, ya ji sanyi.

"To shi wannan zafin duka, ina ya tafi?"